Injin Jirginku Ne Ke Mutuwa, Ba Hannun Maigidana Ba

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ya ƙera wasan jirgin sama na yaƙi na cikin ordinatar, wato kwamfuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ni matar aure ce a Madarunfa, mai koya wa mata karatun Alƙur'ani. Ban taɓa zaton zan ɓata tawada a kan wasa ba.

Maigidana, Malam Isufu, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Bara ciwon shanyewar jiki ya taɓa hannunsa na dama. Ɗanmu da ke aiki a Yamai ya kawo masa tsohuwar ordinatar da wasanku, domin likita ya ce a riƙa motsa yatsun. Na ɗaure fuska, amma da na ji Malam yana dariya sai na kama bakina. Ga kukana:

Na ɗaya. Duk lokacin da jirgin ya ƙetare teku ya doshi wani dogon dutse, sai injin ya yi tari ya mutu, alhali ba wanda ya harbe shi, tankin mai kuma cike yake.

Na biyu. Malam ya ɗora laifin a kan hannunsa. Ya lulluɓe na'urar da zane, ya daina motsa yatsun, har ya koma cin tuwo da hagu. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na uku. Na daɗe ina tambayar kaina ko ya dace mai shekaruna ta tuƙa jirgin yaƙi. Na yi istigfari, na gyara mayafi, na zauna. Hannuna lafiya lau yake, kuma Allah shaida ne ban harbi kowa ba. Ina dosar dutsen nan injin ya mutu, na faɗa ruwa tsundum. Malam ya yi dariya har da hawaye. Maƙwabcinmu, direban motar garin Ɗan Isa, ma ya gwada, shi ma ya nutse. Ranar Malam ya ci tuwonsa da hannun dama.

Saboda haka ina roƙonku, cikin girmamawa, ku gyara injin nan ku aiko mana da gyararren, ku kuma faɗa a fili cewa aibin naku ne, saboda masu rauni irin Malam da ke zargin jikinsu a wasu gidajen.

Ba don kaina nake roƙo ba. To amma ƙarya haramun ce: ni ma ina son ganin abin da ke bayan dutsen.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa sana'arku ta amfani bayinsa.

Wassalam.

Malama Rabi, Madarunfa