Naman Kazan Hadijatu

Kebbe, Disamba 1961

Zuwa ga aminiyata Mardiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina yara da mutanen Jabo? Mu nan sai godiya, jariri shina ta ƙiba.

Mardiya, an cuce ni. Kin san naman kazan da nika tsintowa a gindin suri da damina, in busar da shi ya fito fari tas. Malamin gona ya ce a kai shi nunin amfanin gona a Tambuwal. Ina cikin wankan jego, ba halin fita, sai na ɗora wa Saudatu ƙanwar maigidana kwandon. Ashe da ta isa cewa ta yi aikin hannunta ne! Aka kira sunanta gaban jama'a, aka ba ta turmin atamfa, ta dawo tana yauƙi. Zanen bai dame ni ba, sunana da ta sace shi ke cin raina. Wallahi ban yafe ba.

Taki,
Hadijatu


Kebbe, Agusta 1962

Mardiya tawa,

Ina gaishe ki, ya ruwa? Allah shi sa gero ya yi kyau.

Zauna ki sha labari. Malamin gona ya ce Saudatu, gwanar Tambuwal, ta koya wa matan gari busar da naman kaza. Ta zo tana sosa ƙeya, wai in tuna mata. Na ce ta yi yadda ta yi bara.

Baiwar Allah shanya kawai ta taɓa gani. Ba ta san sai an yanka shi siriri, a tsoma a tafasasshen ruwan gishiri da 'yar tsamiya, a tsame da sauri ba. Ta wanke da ruwan sanyi, ta jibge shi kan tabarma gaban mata. Ranar da aka dawo dubawa, kayya! Ya yi baƙi ƙirin, ya narke ya manne, tsutsa na yawo, mata na toshe hanci. Nan ta fashe da kuka, ta faɗi mai kwandon bara da bakinta. Ina tsaye da goyona, ban ko ƙifta ido ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Maigida ya ɗauki fushi, wai na kunyata gidansu, ya daina cin tuwona. To, Allah shi huci zuciyarshi. Rabonshi ma ni nika cinyewa, in suɗe kwanon.

Ki gaida Inno da kyau. Allah shi bar zumunci.

Taki har kullum,
Hadijatu