Tafin da Muka Yi wa Mis Hester Thurlow

Cikin alhini, da kunyar da muka rasa inda za mu ajiye ta, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Dandamali da Majigi ta Gaɓar Sussex, da yawun mai girma Shugabanta, 'yan kwamitinta da ɗaukacin membobinta, tana sanar da jama'a rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Uwar Ƙungiya ta dindindin, Mis Hester Thurlow, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da ta wuce a zauren taronmu da ke Hove, tana da shekara saba'in da tara. Ba za mu ce labari ya iso mana ba, yadda aka saba rubutawa, domin a gaban idonmu abin ya faru. 'Yarta tilo, Misis Enid Pallister, ta ce kada ɗayanmu ya tako wurin jana'iza sai mun gaya wa duniya yadda aka yi, kuma gaskiyarta.

Mis Thurlow (ta yi aure, ta haihu, har ta ga jikoki, amma a sana'armu mace Mis ce har kabari) ta fara hawa dandamali tana yarinya, cikin ayarin 'yan wasan da ke yawo gari-gari, waɗanda kan wuni Lahadi a jirgin ƙasa zaune kan akwatunan kaya, kuma da ƙwazonta ta kai har manyan gidajen wasa na Landan. Da majigi ya shigo, manyanmu suka ɗaga hanci suka ce wannan shirme ne na 'yan baje koli, mai mutunci ba ya tsayawa gaban akwatin ɗaukar hoto yana yamutsa fuska. Ita kuwa ta je. Ta yi aiki a ɗakunan nan masu rufin gilashi inda rana ce fitila, in gajimare ya taso a zauna shan shayi, in ya wuce a tashi da gudu, kwalliyar fuska na narkewa tana gangarowa wuya.

Majigin wancan zamani ba ya magana, jiki ne ke faɗin komai, kuma duk faɗin Ingila babu wanda ya iya mutuwa kamar Hester. An ba ta guba, an harbe ta, tarin fuka ya ci ta, ta nutse a tekun nan namu cikin hunturu, mata na fitowa daga gidan kallo da hankici sharkaf. Da majigi ya koyi magana aka daina nemanta, sai ta koma koyar da 'yan baya, kuma babu wadda ta wuce ta hannunta ba ta haddace dokarta ba: "'Yar nan, mutu yadda kika ga dama, amma kada ki mutu kin ba mutane baya. Fuskarki suka zo gani, ba ƙeyarki ba." Mu da muka tsufa muka rasa aiki, ita ce ke bin gidajenmu in mun kwanta ciwo, da kek ɗinta na citta mai taurin tsiya, wanda ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin ƙi.

Ranar Asabar da la'asar mun shirya mata liyafar shayi don girmamawa. Bayan jawabai muka roƙe ta ta hau dandamali ta mutu mana sau ɗaya tak, irin na da. Ta ce, "Ku rufa min asiri, gwiwoyina sun riga ni ritaya, kuma yau ƙirjina ba daɗi." Muka yi dariya, muka hau buga tebur muna kiran sunanta, domin ɗan wasa in ya ce a'a, so yake a ƙara roƙonsa. Ta hau. Mai fiyano ya fara kiɗa a hankali, ta yi taku kaɗan, ta dafe ƙirji, ta yi tangaɗi, ta zube gefen labule ta ba mu baya.

Muka miƙe tsaye muna tafi. Zaure cike da mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna bambance ƙarya mai kyau da marar kyau, kowannenmu ya san dokarta, amma babu wanda ya tambayi kansa me ya sa ta karya ta. Ni da sunana ke ƙasan wannan sanarwa, ni ne na ɗaga murya na ce, "Hester, tsufa ya kama ki, ƙeya kika ba mu!" Aka kwashe da dariya, wasu na cewa a maimaita. Misis Pallister, wadda ba ta taɓa taka dandamali ba, ta riga ta fita ɗauko wa mahaifiyarta mayafi tun kafin a fara. Da ta dawo, kallo ɗaya ta yi ta ture kujeru ta haye, mu kuwa har lokacin hannuwanmu ba su tsaya ba.

Likita ya ce mai yiwuwa ko da an tashi da wuri ba za a cece ta ba. Mun gode masa, amma ba mu da ikon fakewa a bayan wannan magana. Wata jarida ta rubuta cewa marigayiyar ta cika cikin tafi, irin mutuwar da kowane ɗan wasa ke fata, kuma abin kunya ne a faɗa, akwai 'yan kwamitinmu da suka so a bar zancen haka saboda ya yi daɗin ji. Ƙarya ce. Misis Pallister ta ce mana, "Da na ɗago kanta tana motsa baki, magana take son yi min. Ban ji ko kalma ɗaya ba saboda ku."

Ga mai girma Misis Pallister, da maigidanta, da 'ya'yanta, da dukan dangi na nan da na Lancashire, muna miƙa ta'aziyyarmu, muna roƙon Ubangiji ya karɓi baiwarsa cikin salama, ya ba ku ƙarfin zuciya da juriyar wannan rashi da muka ƙara wa ɗaci da hannunmu. Ba mu roƙi yafiya ba, don ba mu ga fuskar roƙonta ba tukuna. Izinin rakiya kawai muke nema, kuma in ba a ba mu ba, za mu tsaya a bakin titi, wajen shingen coci.

Ga membobinmu kuwa, kowa ya san al'ada: in aka fito da akwatin gawar ɗan wasa, abokan sana'arsa kan yi masa tafin ƙarshe. Kwamiti ya hana a wannan karon. Wanda ya san hannuwansa ba za su jure ba, ya riƙe hularsa da hannu biyu har motar gawa ta wuce.

Sa hannu,
Osbert Lyle,
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya,
Hove, Sussex, Oktoba 1952.