Kusurwar Inna

Daren Laraba, Rogo Sabon Gari

Yau na zauna ƙulle bargon da na haɗa da ƙyallayen zannuwan Inna, Allah Ya jiƙanta. Bayan azahar na shimfiɗa shafin bargon a kan tabarma, na baza auduga, na rufa ƙyallayen a kai. Don kada shafin ya tattare na danne shi yadda muka saba: dutsen niƙa a kusurwa ɗaya, turmi a ɗaya, tulu a ta uku. Ta huɗun ba mu taɓa danne ta da komai ba. Nan Inna take zama, tana jan shafin tana cewa, "Daga tsakiya ake fara ƙulli, sarkin gaggawa."

Na yi nisa sai ga Yaya Talatu daga Beli. Ta ce, "Ke Binta, wa zai riƙe miki can? Aikin banza kike yi." Ta ɗauko bulo za ta ɗora. Na ce ta ajiye. Ban san tsawa na yi mata ba sai da ta tsaya tana kallona.

Da muka gama muka juya bargon. Wajen turmi ya yamutse, wajen tulu ma haka. Amma kusurwar Inna sumul, kamar an goge. Yaya ta shafa wurin, ta yi salati, ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Gobe zan kwance in sake. Bulon yana nan bakin ƙofa. Ba zan ɗora shi a kusurwar Inna ba.