Fambel ɗin Fata

Bayan Auyo,
Agusta, 1974.

Zuwa ga Yelwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Ni ƙalau nake, motar majigin ce ba lafiya.

Tun da muka gama nuna wa manoma fim ta ƙi tashi. Batir ba ya ɗaukar caji. Na kankare kawunansa, na ƙara masa ruwa, shiru. Mutanen gari sun tura ta har sun gaji, amma fadamar nan shimfiɗe take kamar tabarma, ga laka. A ɗakin bayan motar nake kwana, kullum na leƙo sai in ga kogi ya ƙara matso da hanya.

Na ba Fannami mai kwalekwale batirin ya kai wa Ɗahiru bakanike a Haɗeja. Na yi miki alkawari wannan karon ba za ki haihu ina daji ba, kuma ban manta ba.

Naki,
Shu'ibu.

Zuwa ga Yelwa,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Batir ya dawo, Ɗahiru ya ce lafiyarsa lau. Ashe fambel ne, wato bel ɗin da ke juya dinamo mai cajin batir. Da nawa ya tsinke da bazara, wani baduku ya yanko mini na fata, na yi ta yabonsa gari gari. Fata kuwa da ta sha damina sai ta saki. Injin yana juyawa, dinamo yana barci, ni ina zagin batir. Kwanakin da na ɓata su ne suka fi ci mini rai.

Na sake aika Fannami ya sayo na roba. Ruwa ya kai gindin gada. Tsoro nake ji, Yelwa.

Naki,
Shu'ibu.

Zuwa ga Yelwa,

Barka da arziki. Yaya jikin, yaya jaririya? Fambel da albishir a kwalekwale ɗaya suka iso.

Na ɗaura, mota ta tashi bugu ɗaya, allurar caji ta miƙe. Sai dai hanya ta nutse, manoma suna ta murna shinkafa ta samu ruwa. An hana ni barin motar hukuma sai ruwa ya janye.

Ki ce wa Yaya Inuwa ya yi mata huɗuba da sunan Saude. Ranar suna da hantsi zan tayar da injin in danna ham. Na san ba za ku ji ba.

Mijinki,
Shu'ibu.