Lemun Tsamin Ummu Gassan

Irbid, 6 ga Oktoba

Zuwa ga maiɗakina Ummu Gassan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin huta gajiyar hanya, ƙafar nan kuma ta daina kumburi. Yaya jikin 'yarmu Rula, yaya jaririya? Allah ya raya mana ita.

Lemun tsaminki yana nan lafiya. Ban manta da abin da kika faɗa a bakin ƙofa ba, cewa ko me zai lalace a gidan nan ya lalace, ban da dashen da kika ɗauko daga gidan marigayiya mahaifiyarki.

Sai dai akwai ɗan rahoto. Washegarin tafiyarki na kwashe bokitan nan bakwai da kika baza a banɗaki da kicin, na jera su a ɗakin ajiya bisa girmansu. Kin san shekara arba'in ina tuntuɓe da su. Na yi wankana a natse, na shayar da itacen da tiyo. Ranar Lahadi ina tsaka da aski, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na hau rufi na leƙa tanki, babu ko na alwala, ga shi ba za a saki ruwan unguwarmu ba sai Laraba.

Ina saukowa da rabin fuska cikin kumfa na ci karo da maƙwabciyarmu Ummu Nidal. Ta dube ni ta ce, "Ustaz, sabon yayi ne aka fito da shi?" Na shaida mata cewa lallai tankin yana yoyo. Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Tun ranar da matarka ta hau jirgi ya fara." Ta kawo min jarka biyu. Na gode mata, ko da yake ban ga abin dariya ba.

Na duba tankin ciki da waje, babu huda ko ɗaya. Ki sanar da ni yadda kike kai mu Laraba da ruwan tanki ɗaya.

Ki gaida Rula da maigidanta.

Mijinki,
Adib

Irbid, 20 ga Oktoba

Ummu Gassan,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, wasiƙarki ta iso. Babu buƙatar ki ja layi biyu a ƙarƙashin "mayar da bokitaina". Ɗaya ya wadatar.

Na mayar da su, kowanne a inda shatin gindinsa yake. Ruwan sanyin da yake fara zuba kafin mai zafi ya zo, yanzu bokiti ke tare shi. Na auna, ya kai lita huɗu a kowane wanka, kuma na ji kunya. Ina alwala a kan daro. Ruwan wankin shinkafa da na tumatir na itace ne, na sabulu kuwa na banɗaki ne, kamar yadda kika rubuta. Aski da ruwa kofi guda nake yi. Larabar da ta wuce an saki ruwa akwai saura taƙi ɗaya a tanki.

Ƙanwata ta aiko da 'ya'yan zaitun daga garin Ajlun. Na fasa shi da dutsenki, na jiƙa. Da aka zo haɗa ruwan gishirin da za a tsuma shi a ciki, Ummu Nidal ta zo da ɗanyen ƙwai, wai idan ya taso da kansa to gishiri ya ji. Na ce mata mutumin da ya koyar da lissafi shekara talatin ba zai nemi fatawa wurin kaza ba. Na ɗauko sikeli. Da na gama ta jefa ƙwan duk da haka, sai ya yi sama kamar balan-balan, alamar gishiri ya wuce kima. Ta ce, "Ustaz, kazar ta ce ka sake jarrabawa." Dole na haɗa wani.

Na farkon, bokiti biyu cif, ban zubar ba, domin yanzu na san darajar ruwa. Na surka shi da na shinkafa, na ba itacenki. Kin ga ɗalibi ya fara kamo malaminsa.

Gidan ya yi min girma. Ki sumbaci jaririya a madadina.

Mijinki,
Adib

Irbid, 12 ga Nuwamba

Ummu Gassan, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan wannan takarda ta same ki cikin sanyin zuciya. Wasiƙarki ta gaggawa, mai hana ni ba itacen ruwan gishiri, ta zo bayan aikin gama ya gama. Na jinkirta amsa ne domin na rasa bakin magana.

Kwana huɗu bayan na zuba ruwan nan, gefen ganye ya fara ƙonewa. Cikin mako guda na share ganye cike da kwando, 'ya'yan ma suka zube tun suna kore. Ummu Nidal ta tsaya a gindinsa, ta ɗebi ƙasa ta taɓa a harshe. Na zaci za ta yi min ba'a. Ba ta yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Cewa ta yi, "Abu Gassan, matarka da mahaifiyarta suka ɗauko shi a gwangwanin man girki. Ina tsaye a nan suka dasa."

Ta ce magani ɗaya ne, a yi ta kwarara masa ruwa mai daɗi har gishirin ya sauka ƙasa da saiwa. Ruwa mai yawa, a garin nan, ga sama har yau ba ta ce komai ba.

Da Laraba ta zo na ba shi rabin tanki. Na kwana shida ban yi wanka ba, na je masallacin Juma'a da rigar da na goge ban wanke ba. Duk da haka bai isa ba. Sai na sa kwat ɗina, na ɗauki bokiti, na bi layinmu ƙofa ƙofa ina roƙon ruwan wankin shinkafa. Kin san ni, kin san abin da wannan ya ci min. Yanzu kowace azahar matan layi suna ajiye nasu a bakin ƙofarmu. Matar mai burodi takan ɗaga murya ta ce, "Ustaz, ga nawa, babu gishiri, ko za ka ɗanɗana tukuna?" Ina karɓa hannu bibbiyu.

Ga gaskiyar yadda yake a yau. Manyan rassa biyu na sama sun bushe. Amma shekaranjiya da safe na ga toho uku a reshen da yake kallon tagar kicin, jajaye-jajaye, kowanne bai kai farce ba. Yau sun zama biyar. Na ɗauko kujera na zauna kusa da su har rana ta kore ni.

Ummu Nidal ta ba ni zarto in sare busassun rassan kafin ki dawo, don kada ki ga munin abin. Na mayar mata da shi. Ki zo ki gani da idonki yadda na yi masa, ki nuna inda za a yanka, ni in riƙe miki tsani.

Shekara arba'in ina buɗe famfo ruwa yana zuwa, ban taɓa tambayar wa yake yi mini tsiminsa ba. Ki yafe min na itacen, ki yafe min wannan ma.

Zan zo tarbarki ranar Asabar in Allah ya yarda. Na yi wanka.

Naki har kullum,
Adib