Awon Ƙafar Ta-Marwa

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, Allah ya sa kana cikin ni'ima. Ni ne Audu. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan ajamin da muka koya a allo ɗaya kafin ni in gudu bin shanu, kai ka gudu bin mota. Na san babu mai kai maka. A zaure zan ajiye ta, duk wanda ya iya karatu a gidan nan ya karanta, har da masu cewa Audu bai san komai ba sai wutsiyar saniya. Kai ka fara faɗin haka, ban manta ba.

Maganar 'yarka ce. Ka ga har yau 'yarka nake cewa, alhali kowa a Garwa ya san a ɗakin matata Mairo aka haife ta. Ita ce 'yar farina, ga shi kuma sunan Innarmu aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba, idona bai taɓa tsayawa a fuskarta ba. Ana yaye ta ka zo da kamiyonka, babbar motar kayan nan, tun tutar Faransa tana sama, ka ce, "Kunya ba za ta bar ka ka riƙe ta ba, Audu. Ba ni." Ka ɗora ta a gaban mota ka tafi da ita Marwa, gidanka na unguwar Dugoi. Tun daga ranar nake ce mata Ta-Marwa.

Ban hana ka ba, don haka muka taras ana yi. Amma akwai abubuwan da ba haka muka taras ba. Ka sa ta a lekol, makarantar boko, ba ka tambaye ni ba. Ranar da ta gama karatun ungozoma kai ka zauna a inuwa kusa da manya, ni kuwa ina bayan igiya tare da masu tallan gyaɗa, wani ɗan sanda yana ture ni da kulki. Kai ka ba da aurenta. Kai take ce wa Baba, ni kuma Bappa, kamar yadda 'ya'yan Fulani ke kiran ƙanen uba. Duk na haɗiye, amma ina so ka sani bai wuce maƙogwaro ba.

Abu guda ka bar mini, kuma ban ce don alheri ka bari ba, na fi zaton mantuwa ce ta zama al'ada. Takalmi. Duk azumi za ka auna ƙafarta da zare, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ka yanke, ka ƙulle a tsumma, ka ba direban da zai sauko Garwa. Ni kuma in shiga kasuwa da zaren, in ƙara faɗin yatsa guda don ta girma a ciki, in zaɓi mai tauri wanda ƙaya ba ta huda shi. Ko ina can kudu da garke, sai na dawo kafin Sallah saboda zaren nan. Suna nan duka a cikin gafakata, kowanne ya ɗara wanda ya gabace shi tsawo.

Da ka rasu, zare ya daina zuwa. Babu wanda ya tuna. Ita ta zama babbar ma'aikaciya a Ngaundere, tana sayen takalmanta masu tsini da kanta. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban ce wa kowa komai ba. Mairo ta ce na zama mai faɗa da kaji. Ƙarya ce, kajin ne ba su da ladabi.

To, ga abin da ya faru a bazarar da ta wuce, kuma ka saurara da kyau tunda kai ne sarkin mota.

Ta sayi mota. Wajen wani likita Bature da zai koma gida ta saya. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, amma in ta yi gurnani sai ka ce damisa aka taka wa wutsiya. Ta tuƙo ta da kanta tun daga Ngaundere, a kan sabuwar kwaltar nan, cikin zafin da ke sa jemagu faɗowa daga bishiya. Unguwa ta fito kallo. Ta sauko ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuwa na yi abin da na saba, na sunkuyar da kai ƙasa. Da can ƙafarta nake gani in na sunkuya. Ran nan ƙafar motar na gani.

Yaya, tayoyin nan sun yi sanƙo. Zanen jikinsu ya shafe, gefensu ya tsattsage kamar dunduniyar mai kora shanu. A kan waɗannan ta gangaro dutsen nan mai kwana-kwana da direbobi ke ce wa falez, inda kai da kanka kake karanta Ayatul Kursiyyu kafin ka sauko. Tana shiga ciki wajen uwarta na zaro zare daga bakin rawanina, na auna zagayen tayar, na auna faɗinta, na nufi shagon Bukar, mutumin Mora da ke sayar da taya kusa da tasha.

Bukar ya juya zaren a hannu ya ce, "Baba, wando za a ɗinka wa motar?" Ya ce akwai lamba a jikin kowace taya, sai an kawo motar ya gani. Na ce masa ni ban san lamba ba, kuma da zare na tufatar da ƙafar ungozomar da ke karɓar haihuwar matan gwamna. Ya ce ya ji, amma a kawo motar.

Ka san ba zan iya tarar ta in ce mata ga abin da nake so ba. Mairo na aika. Mairo ta dawo da amsa mai ladabi, irin wadda ka koya mata. Wai a gode wa Bappa, kada ya wahalar da kansa, akwai garejin da ke duba mata mota a can, in ta koma za a canza. Kuma da la'asar za ta kama hanya.

Sai na tashi. Na ɗauki buzuna na shimfiɗa a gaban motar, daidai hancinta, a tsakiyar rana, na zauna da carbina. Mairo ta leƙo ta ce, "Malam, ka tashi, mutane suna kallo." Na ce su kalla, ba kuɗi nake karɓa ba. Maƙwabcina ya zo da nasa wa'azin, na ce ya je ya gyara katangarsa da ta karkato mini tun bara. Ƙarfen motar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Na riga na ƙudurta cewa in za ta tafi a kan tayoyin nan, to, ta kaina za ta bi.

Da la'asar ta fito da jakarta. Na ga ƙafafunta sun tsaya a bakin buzun. Sun daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta ce, "Bappa, shiga mu je wajen mai tayar." Motar nan kuwa kujeru biyu ne na kirki gare ta, bayan sai dai ka ajiye kaza. Haka na naɗe ƙafafuna na zauna a gefenta, ina kallon taga kamar an ce mini akwai abin gani a katangun Garwa.

Bukar ya duba lambarsa, ya jero mana iri-iri. Akwai tsofaffi da aka kwaso daga bakin teku aka shafa musu baƙi, ban ko kalle su ba. Akwai mai tauri, mai manyan haƙora, wadda ya ce tana shiga laka da tsakuwa, kuma sai ka gaji da ita ba ta ƙare ba. Hannuna ya tafi kanta da kansa, don irin takalmin da nake saye ke nan. Sai ga wata mai faɗi, mai ƙananan zane a jere, da waya a cikinta, ya ce radiyal ake ce mata. Na danna farce, ya shiga, robar ta dawo a hankali kamar naman tozo. Ya ce don kwalta mai zafi da mota mai gudu aka yi ta. In an sha kwana tana manne wa hanya, in an taka birki ba ta zamewa. Ya ce amma ba ta son ƙaya, ba ta son laka, kuma kwalta tana cin ta da wuri.

Kafin in zaɓa na ce ko wacce ce, a ƙara faɗin yatsa guda a kan awon. Bukar ya riƙe ciki. Ya ce, "Baba, mota ba ta girma! In na ƙara, goga jikin motar za ta yi." Na ɗaure fuska zan ba shi amsa, sai na ji dariya a bayana, 'yar ƙarama, irin ta Innarmu sak. Ba da ni ta yi magana ba, da Bukar ta yi, yadda ya kamata. Ta ce, "Duk takalmin da Bappa ya aiko sai na cusa auduga a gabansa. Lokacin da zai yi mini daidai, wani ya iso. Kuma ba sa mutuwa, har na gaji da addu'a su tsinke."

Kai ba ka taɓa gaya mini haka ba. Shekara da shekaru yarinya tana tafiya lekol da auduga a takalmi, kana gani, ka yi shiru. Wannan ma na rubuta shi a kanka.

Na ɗauke hannu daga mai taurin. Na ce wa Bukar ya sa mai laushin, guda huɗu, daidai lambar, kada ya ƙara ko ƙwayar gero. Ya ce, "Na faɗa maka fa ba ta daɗewa. Kafin baɗi war haka za ku dawo." Na ce na ji da kunnena, ita nake so. Ya ɗauka maganar birki da kwana ce ta ja ni, kuma gaskiya ne, ta ja ni, don na ga falez da idona. Amma kai ka san ni. Abin da ke ƙarewa duk shekara, dole duk shekara a zo a sake shi, kuma dole a nemi mai zaɓe.

Ta buɗe jaka za ta biya. Na ɗaga kai ina kallon rufin kwano. Bukar ya ce, "Madam, rufe jakar nan, kada tsohon nan ya shimfiɗa buzu a ƙofar shagona." Bijimina baƙi ne ya tafi kasuwa a kan wannan, kuma ban yi kewarsa ba. Da aka gama ɗaurawa, Bukar ya karyo tsinken tsintsiya ya soka a cikin zanen tayar, ya nuna mata zurfinsa, ya ce in ya rage kamar kaurin farce biyu, lokaci ya yi.

Ta ce a gwada. Muka haye gadar Binuwai, muka miƙa kudu. Yaya, kamiyonka jaki ne. Bishiyoyi suka zama bango ɗaya, iska ta nemi rawanina na danne shi da hannu. Ban ji tsoro ba, kada wani ya gaya maka na yi salati da ƙarfi, tasbihi ne na saba. Da muka zo wata kwana ba ta rage gudu sosai ba, motar ta kwanta ta bi hanya shiru, ko ƙara tayar ba ta yi ba. Ni ne ban manne ba. Na karkata, kafaɗata ta jingina da tata. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ranar suna, da aka miƙo mini ita a zane na yi mata addu'a na mayar da sauri don mutane suna kallo. Ba ta janye ba. Ni ma sai da hanya ta miƙe na gyara zama.

Na saci kallon hannunta a kan sitiyari. Hannunka ne, yadda kake riƙewa da yatsu uku kana taƙama. Ka iya riƙo, Yaya. Ban taɓa faɗa maka ba kana da rai, kuma da za ka dawo gobe ba lalle in maimaita ba. Amma macen da ke karɓar haihuwa da safe, ta gangaro falez da rana, babu irinta daga nan har Kusiri, kuma mu biyu muka yi ta. Kai ka ba ta kai, ni na tsare ƙafa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, jiya wani direban Ngaundere ya yi sallama a zaure, ya miƙo mini tsumma a ƙulle, irin ƙullin da kake yi. Na kwance. Ɗan guntun tsinken tsintsiya ne a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Direban ya ce, "Madam ta ce a ba Bappa, wai ya san sauran." Na sa shi a gafaka tare da zarurrukanka. Naka tsawo suke ƙarawa, nata gajarta zai riƙa yi, duk awo ne.

Har yanzu Bappa take ce mini. Na bar maka sunan, ka riƙe abinka, ba zan bi ka kabari in karɓa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da ka yi mini da wanda na yi maka, ko da yake naka ya fi yawa. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna da Baba. Ita kuma Allah ya tsare ta a hawa da gangara, ya riƙe mata ƙafafun nan huɗu a kan hanya, ya ba ni tsawon ran da zan zaɓa mata na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Amin.

Zan tsaya nan. Direban ya ce ranar Jumma'a Ta-Marwa za ta iso, kuma ina so in riga ta zuwa wajen Bukar, kada ya kwashe masu kyau ya sayar wa wasu.

Ƙanenka da ka raina,
Audu Mai Shanu, Garwa.