Mama Ba Ta Gane Muryata Ba

Yaya Azariya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Mama da ƙafarta? An gama haƙar citta?

Ina lafiya a Sakkwato, aikin asibiti yana tafiya. Sun daina yi wa Hausata dariya. Da farko in na buɗe baki, tsofaffin da nake yi wa allura sai su tambaya daga wace ƙasa aka kawo ni. Na zauna na koyi irin tasu. Yanzu ba mai tambaya.

Ran Lahadi bayan sujada na kira Mama da sabon layina. Ta gaishe ni da yarenmu. Na nemi amsar a bakina na rasa, sai na ji na ce, “Lahiya lau, Inna.” Ta ce, “Yi haƙuri, baiwar Allah, ba nan ba ne.” Ta kashe.

Ban yi kuka ba. Na tashi na wanke kayan aikina na shanya.

In ka je gida Zangon Kataf, ka ɗauko mini muryarta a waya, ko da kaji take kira. Kada ka gaya mata ni ce na kira ran nan.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Joanna